Burtun Gindin Dutse

Kananzir ne ya kai Anselm Nwankwo gindin dutse ran nan. Wani katikis, malamin coci da ke wani ƙauye a hanyar Ribah ya aiko a kai masa gwangwani guda, don haka bayan la'asar Anselm ya ɗaure shi a bayan keke, ya shiga ɗaki ya fito da madubinsa na hangen nesa rataye a wuya.

Matarsa Nkechi tana bakin shago tana tsince wake. Ta ɗaga kai ta ga madubin.

"Baban Comfort, kananzir za ka kai ko tsuntsaye za ka kalla?" ta tambaye shi cikin yarensu.

"Duka biyu."

"Ka bar abin nan a gida. Ka san irin kallon da suke maka."

Ya sani sarai. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Anselm ya yi shekaru yana kasuwanci a Zuru kafin rikici ya tashi, ya gudu gida shi da ƙaninsa Obiora, da ƙura ta lafa ya dawo shi da iyalinsa ya sake buɗe shago. Obiora bai dawo ba. Ya shiga soja a can, aka ce an kashe shi, amma ba wanda ya ga gawarsa. Zuru kuwa garin sojoji ne. Da wuya ka shiga gidan da ba wanda ya je yaƙin, gidaje da yawa kuma akwai wanda bai komo ba. Mutane na sayen sabulu da ashana a shagon Anselm, su karɓi kayansu su tafi. Ba mai zama a bencinsa.

Madubin kyautar wani fada ne, limamin coci Bature, da Anselm ya yi wa aiki yana saurayi, shi ne kuma ya koya masa kallon tsuntsaye. Mutanen gari ba su taɓa gane wannan ba. Tsuntsu a wurinsu ko dai a ci shi, ko a kore shi daga gona. Amma babban mutum mai mata da 'ya ya tsaya cikin ciyawa yana kallonsa kawai, ba kibiya ba gwafa? Sai dai in akwai wata a ƙasa.

A mararrabar fita gari ya ci karo da Dawuda, tsohon kofur, wanda ya dawo daga yaƙi da harsashi a cinya, ya bar wansa a can. Yana zaune kan kututture tare da wasu tsoffin sojoji.

"Inyamiri! Ina za ka da idon soja?"

Anselm ya sauke ƙafa ɗaya. "Kananzir zan kai, Kofur."

"Da madubi aka kai kananzir? Mi kaka leƙe bisa duwatsunmu? Wa kaka nuna ma gidajenmu?"

"Tsuntsaye nake kallo."

Na kusa da shi suka fashe da dariya. Dawuda bai yi ba.

"Na ga irin wanga madubi a wuyan 'yan uwanka a bakin daga. Su ma tsuntsu suka kallo?" Ya tofar da yawu kusa da tayar keken. "Ka ji ni da kyau. In na ganka gindin dutsen can, ni da kai ne."

Anselm ya ɗauke ƙafarsa daga ƙasa. Ya taka keke ya wuce, yana jin idanunsu a bayansa har ya sha kwana.

Damina ta yi nisa. Dawa ta fi mutum tsayi, hanya duk taɓo, hadari kuma yana taruwa can gabas bayan duwatsu. Ya kai kananzir, ya sha ruwa, ya ƙi zama. A dawowa sai ya tsaya inda ya saba tsayawa, wurin da fili ya ƙare dutse ya fara, ga fadama shimfiɗe a tsakaninsu. A duk ƙasar Zuru bai san wurin da tsuntsaye ke taruwa da damina kamar nan ba. Shamuwa na yawo a gefen ruwa. Gauraka biyu na tsaye da tukkunsu na zinariya. Balbelu sun cika wata ƙirya kamar an shanya fararen kaya. Can sama shaho na kewaya goshin dutse, ragon maza kuma na kuka cikin ƙaya kamar ana tsiyaye ruwa daga tulu.

Ya jingine keke, ya ɗaga madubi. Duk wulaƙancin mararraba ya fara sauka daga ƙirjinsa.

Sai ya ji kukan da ya daɗe yana nema.

Guuu. Gu-gu.

Burtu. Tun farkon damina yake jin sa daga nesa, kuka mai kauri kamar ana buga ganga a cikin rijiya, amma bai taɓa sa shi a ido ba. Yau kuwa kusa yake, cikin dogayen ciyayin da ke gindin dutse. Rana ta kusa faɗuwa. Ya ce a ransa leƙawa kawai zai yi ya dawo.

Ya bar hanya ya shiga ciyawa. Raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa. Ƙasa na tsotsar takalminsa tana saki. Da ya isa bakin ruwa ya tsuguna bayan wani dutse, ya haɗa tafukansa a baki, ya kwaikwayi kukan daga maƙogwaro kamar yadda fada ya koya masa.

Aka amsa.

Ya sake yi. Aka sake amsawa, kusa fiye da ɗazu.

Ciyawa ta motsa a ɗaya gefen ruwan. Anselm ya ɗaga madubi a hankali. Ga shi nan. Baƙin kai, dogon baki mai lanƙwasa, jan maƙoshi, har da gashin ido zara-zara. Kan na sunkuyawa yana ɗagowa kamar mai kiwo, jikin kuma ciyawa ta rufe shi.

Ya daɗe yana kallo kafin ya lura. Bakin na sauka ƙasa, amma ba ya ɗauko komai. Wuyan a sandare yake. Idon ba ya ƙiftawa.

Sai ya gane, har ya yi 'yar dariya. Maharba kan ɗaura kan burtu a goshi, su yafa baƙin zane, su yi rarrafe cikin ciyawa don namun daji su ɗauka tsuntsu ne har su iso kusa. Ashe da mutum yake ta musayar kuka. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Sannu da aiki, maharbi. Yi haƙuri, ban san kai ne ba."

Shiru.

Ya yi magana da ƙarfi a fadama cike da tsuntsaye, amma ko ɗaya bai tashi ba. Ya waiwaya. Gauraka sun daina kiwo. Shamuwa sun tsaya cak cikin ruwa. Balbelun da ke kan ƙirya duk sun juyo da kawunansu wuri ɗaya.

Shi suke kallo.

Kwaɗi sun yi shiru. Ragon maza ya yi shiru. Ba iska. Sai wani wari da ya taso daga ruwan, warin jiƙaƙƙen gashin tsuntsu da ruɓaɓɓen ƙwai.

Kan burtun ya daina sunkuyawa.

"Anse."

Anselm ya juyo wajen kan burtun, inda muryar ta fito. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiransa haka, tun suna yara.

"Anse, ina jin sanyi," in ji muryar, cikin yarensu, da 'yar shaƙewar nan ta hanci da Obiora ke da ita. "Na daɗe a cikin ruwa. Zo ka ɗaga ni."

Ya san Obiora ya mutu. Ya yi masa kuka, an yi masa addu'a a coci. Amma ba wanda ya ga gawa. Ƙafarsa ta shiga ruwa ba tare da ya sani ba.

"Kai."

Raɗa ce, daga bayansa. Ya juya. Dawuda ne tsugune cikin ciyawa, rigarsa sharkaf da zufa, bindigarsa ta farauta a kafaɗa. Ya biyo sawunsa tun daga gari don ya kama shi yana abin da yake zargi. Bakin bindigar na fuskantar Anselm, ko kuwa abin da ke bayan Anselm. A wannan duhun ba a iya bambancewa.

"Kar ka amsa," in ji Dawuda ƙasa-ƙasa. "Taho baya. Sannu-sannu."

"Ƙanena ne."

"Ba ka da ƙane a nan. Taho baya na ce."

"Anse," muryar ta sake kira, tana rawa. "Shi ne ya harbe ni. Yanzu kai zai harba. Zo wurina."

Anselm ya kalli bindigar. Ya kalli fuskar mutumin da ya tofa masa yawu ɗazu. Ya juya masa baya.

"Ga ni, Obiora," ya ce.

Ciyawa ta buɗe.

Abin ya fara miƙewa. Ya kai tsayin mutum, bai tsaya ba. Ya wuce. Babu zane a jikinsa, babu igiya a goshi. Kan a wuyan ya tsiro, wuyan kuma ya sauka cikin wani ƙirji siriri mai fata kamar jiƙaƙƙen ɓawon itace, da 'yan gashin tsuntsu nan da can. Hannuwa na reto har cikin ruwa. Gwiwoyi a baya suke lanƙwasawa.

Ya buɗe dogon bakin.

"Ga ni, Obiora," ya ce.

Muryar Anselm ce, tsaf.

Anselm ya buɗe baki ya yi ihu. Iska ce kawai ta fito.

Nan take fadamar ta tashi. Fukafukai ta ko'ina. Balbelu suka sauko daga ƙirya kamar an zazzage su, shamuwa na dukansa a fuska, wani baki mai kaifi ya tsaga masa kunne. Ya kare idanunsa da hannu. Bai ga lokacin da abin ya tsallako ruwan ba.

Sai ji ya yi an finciko shi ta wuya.

Bakin ya kama igiyar madubin. Igiyar, ta fata, ta shaƙe shi. Ya faɗi rigingine, ana jansa cikin taɓo zuwa ruwa. Ya kama ciyawa, ta tumɓuke. Ya kama dutse, farcensa ya karye.

Ruwa ya shiga kunnensa.

Bindiga ta tashi. Ƙarar ta bugi dutse ta dawo. Warin albarushi ya cika wurin.

Jan bai tsaya ba.

Ruwa ya rufe masa baki. Ya rufe hanci. Ta cikinsa yana hango jan maƙoshin nan yana kumbura a samansa.

Wani hannu ya damƙi gashin kansa. Ƙarfe mai sanyi ya shiga tsakanin wuyansa da igiyar, ya yanke ta har da fatar wuyan. Abin ya yi baya da madubin a baki. Dawuda ya ɗago shi kamar buhu.

"Tashi! Tashi, ɗan banza!"

Suka ruga. Dawuda na jan ƙafarsa mai harsashi, hannu ɗaya riƙe da wuƙa, ɗaya riƙe da kwalar Anselm. Bindiga ta zauna a can. Suka faɗa gonar dawa. Ganye na yankar fuska. Duhu ya rufe. Tsuntsaye na bi ta sama, ba mai kuka a cikinsu, sai fukafukai.

A bayansu kara na karyewa. Taku ɗaya. Shiru. Wani takun.

"Kofur!"

Muryar Anselm ce, tana haki, tana kuka.

"Kofur, jira ni! Wanda kake riƙe ba ni ba ne!"

Dawuda ya tsaya cak.

Ya juyo a hankali. Walƙiya ta haska fuskarsa. Ya dubi abin da ke hannunsa, jiki duk taɓo, kai duk gashin tsuntsu, ido a zazzare.

"Yi magana," ya ce.

Anselm ya buɗe baki. Babu komai.

"Yi magana na ce!"

"Kofur, kashe shi," in ji muryar daga cikin dawa, kusa sosai. "Kashe shi kafin ya kai ka gidanka."

Wuƙar ta taso har ƙarƙashin haɓar Anselm. Yana jin tsininta. Ya ga a idon Dawuda cewa ko da shi ne na gaskiyar, ba zai yi masa wuyar sokawa ba.

Kara ya karye a gefensu.

Dawuda ya cusa babban yatsa cikin yankan da ke wuyan Anselm, ya danna da mugunta. Ya ciro ya kai hanci. Ya kai harshe.

"Jini," ya ce. "Mu tahi."

Suka sake rugawa. Wani abu mai tauri ya sari ƙasa daidai inda suka bari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na hura musu a ƙeya. Ƙafar Dawuda ta harɗe ya faɗi, Anselm ya ɗago shi, ya faɗi shi ma, Dawuda ya ɗago shi yana zaginsa da uwarsa.

Dawa ta ƙare. Suka gangaro kan hanya.

Fitilu biyu na tahowa daga wajen Ribah, wata tsohuwar motar hatsi tana nishi cikin taɓo. Hasken ya faɗa kan gonar. Kawunan dawa na motsi a layi ɗaya, suna komawa wajen dutse.

Ruwan sama ya tsuge.

Direba ya tsaya, ya leƙo, ya ga mutum biyu kwance a taɓo da jini. Bai tambaya ba, ya ce su hau baya. Suna zaune kan buhuna, ruwa na dukansu, Dawuda ya matsa can nesa da Anselm.

"Kar ka ɗauka don kai na yi," ya ce. "Kowa ya ji abin da na hwaɗa maka a mararraba. Da ka mutu can, ni za a kama."

Anselm ya gyaɗa kai. Har yanzu ba shi da murya.

Ya yi kwanaki a kwance, Nkechi na gasa masa wuya da ruwan zafi, tana ɗura masa kunu. Da magana ta dawo masa, wata iri ce ta dawo, busasshiya, kamar ana jan tabarma a kan yashi. Haka ta zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ba wanda ya koma neman keken. A gari kuwa labari ya bazu cewa Kofur ya kama Inyamiri yana leƙen asiri ya ba shi kashi, har ana yi masa barka. Dawuda bai gaskata ba, bai ƙaryata ba. In sun haɗu a hanya sai ya kau da kai. Amma ya daina zama a mararraba in rana ta yi ja, kuma an ce ko matarsa ta kira shi daga bayan danga ba ya amsawa sai ya ga fuskarta.

Wata magariba, damina na gab da wucewa, Anselm na zaune a tsakar gida kan tabarma. Nkechi na gefensa tana hura wuta da mafici. 'Yarsu Comfort, wadda ba ta daɗe da iya magana ba, tana wasa da murfin kwano.

Daga bayan katanga, wajen juji, aka yi kira.

"Comfort."

Tsohuwar muryarsa ce, mai daɗi, wadda yarinyar ta sani tun tana goye.

"Comfort, zo ki ga abin da Baba ya kawo miki."

Maficin ya faɗi daga hannun Nkechi. Yarinyar ta ɗaga kai da murna, ta miƙe, ta buɗe baki za ta ce na'am.

Tafin ubanta ya riga ta. Ya rufe mata baki, ya matse ta a ƙirji. Tana ta shure-shure, tana cizon hannunsa, tana miƙa hannu wajen katanga. Bai saki ba. Aka yi ta kira, a hankali, da lallashi, har wuta ta mutu a murhu. Can suka ji taku ɗaya. Shiru. Wani takun, yana nisa.

Washegari ya zaunar da ita ya gaya mata da busasshiyar muryarsa cewa duk ranar da ta ji Baba ya kira sunanta, ta gudu wurin uwarta ta rufe baki. Ta yi kuka, ba ta gane ba. Ya maimaita mata har ta riƙe.

Comfort ta girma a gidan, ta yi makaranta, ta yi aure. Ubanta bai sake kiran sunanta ba. In yana son ta zo, tafi yake yi.